Tantin da Baba Ya Zaɓa

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ya aiki, ya masu jiki? Allah ya ba su sauƙi, ke kuma ya ba ki ladan ɗawainiya. Tunda asibitin naku yana can bayan duwatsu, inda waya ba ta shiga sai mutum ya hau tudu yana ɗaga hannu kamar mai tsayar da tasi, na ga gara in rubuto in ba direban motar magungunanku ya kawo miki. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san tun ina firamare kike cewa kaza ta fi ni iya riƙe biro.

Mun koma wurin likitan ido ranar Talata. Yaya, ba zan ɓoye miki ba, labarin babu daɗi. Hawan jinin idon ya riga ya gama da na hagu, na daman ma yanzu Baba yana gani ne kamar mai leƙe ta cikin bututu. Likita ya ce a ci gaba da ɗiga magani, zai rage wa ciwon gudu, amma kada mu sa rai zai tsaya. Na tambaye shi saura wata nawa, ya ce shi ba zai yanke ba, sai dai in akwai abin da Baba yake son gani, kada a yi ta jan ƙafa.

Na ɗauka shiru za mu yi har gida. Ina! Muna tsaye a danja sai ga wata mota a gabanmu da wani faffaɗan akwati a samanta. Baba ya ƙura mata ido ya ce, “Auta, mene ne wancan?” Na ce tanti ne, in an isa inda za a kwana sai a ɗaga murfin ya zama ɗaki, a jingina tsani a hau. Ya yi dariya har da buga gwiwa, ya ce, “Ikon Allah! Duk shekarun da na yi ina tuƙa babbar mota a ƙarƙashinta nake shimfiɗa tabarma, ashe a sama ake kwana.” Da danja ta ba mu hannu sai ya ce a hankali, “Da zan samu irinsa, da na koma tafkin nan.”

Kin san tafkin. Wanda yake tsakanin tsaunuka, inda yake yada zango in ya ɗauko kaya daga nesa, wanda ya ishe mu da labarinsa tun muna yara. Tun da ya ajiye tuƙi ban taɓa jin ya roƙi wani abu don kansa ba sai ranar.

Washegari na rufe shagon gyaran wayata da wuri na tafi inda ake sayar da su. Iri biyu ne. Akwai na tamfol, wanda ake naɗewa a ɗaure da igiyoyi, yana da sauƙin kuɗi amma kafin ka kafa shi ka haɗa gumi. Akwai kuma mai murfi mai tauri, wanda katifarsa da komai suna ciki, ka buɗe kawai ka shiga, ruwa da iska ba sa damunsa. Na tamfol ban ma tsaya kallonsa ba. Cikin masu taurin kuma wani yana buɗewa ta gefe ɗaya kamar murfin akwati, wani yana tashi sama gaba ɗaya. Kaina ya ɗau zafi, shi ya sa nake neman shawararki.

Mama dai ta ce ita ba buhun albasa ba ce da za a ɗora ta a saman mota, mu je mu dawo lafiya. Tana gaishe ki, ta ce ki riƙa cin abinci.

Ki huta lafiya.
Ƙanenki, Auta

*

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarka, na karanta ta a ɗakin ajiye magani don kada masu jinya su ga nas tana kuka. Ina fata kai da Baba da Mama kuna lafiya.

Kafin komai, na gode. Ni ce babba, amma kai ne kake kai Baba asibiti, kai kake ɗiga masa magani safe da yamma, ni kuwa sai aike da saƙo. Ban manta ba, kuma ba zan manta ba. Allah ya ba ka masu yi maka.

Yanzu maganar tanti. Auta, da na ga kalmar tsani a takardarka sai da na tsaya na sake karantawa. Kai waya kake gyarawa, in ta faɗi ka canza mata gilashi. Ni mutane ake kawo mini. Na ga tsofaffi da yawa da suka zame a banɗaki kawai, ƙugu ya karye, daga nan ba su sake takawa ba. To ina ga mutum mai rabin ido ɗaya a kan tsani? Kada ka ce mini don ni ina tsoron hawa sama ne, na san abin da za ka faɗa ke nan. Wannan daban, wancan daban.

Amma na kwana ina juya maganar, na ga ba ni da zuciyar hana shi. Saboda haka ga matsayata. Tafiya ɗaya, Auta, ɗaya tak. Ka kai shi ya ga tafkinsa, ya cika idonsa, ku dawo, a sayar da tantin. Kai za ka riƙe shi in zai hau, kai za ka riƙe shi in zai sauko. Kuma tunda don gani za a yi tafiyar, ka zaɓi wanda ya fi kowanne manyan tagogi, yadda duk inda ya juya zai ga wani abu. Ka sa a duba ko rufin tsohuwar jif ɗin nan zai ɗauki nauyin, don ni ban yarda da ita ba tun ranar da ƙofarta ta buɗe da ni muna shan kwana.

Ka gaishe da Baba, ka ce masa Uwarsa tana yi masa addu'a. Ka ce wa Mama ina cin abinci har na yi ƙiba, ko da yake ba gaskiya ba ne.

Wassalam.
Yayarka

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Da fatan kin tashi lafiya. Takardarki ta iso, kuma ban ce komai ba a kan matar da ta taɓa maƙalewa a kan katangar gidanmu har sai da aka kira maƙwabta. Bakina alaikum.

Albishirinki, na samo shi! Yaya, in kin ga tantin nan sai kin yi sha'awar kwana a ciki. Yana tashi sama gaba ɗaya ya zama ɗaki sosai, taga ta kowane gefe, kowacce da ragar sauro, sannan a rufin akwai wani gilashi da mutum zai kwanta yana kallon taurari. Abin da ya fi burge ni, da rimot ake buɗe shi. Ka danna, ya yi ɗan gurnani ya tashi da kansa. Sau uku ina komawa shagon don in danna, har mai shagon ya fara ɓoye rimot ɗin in ya hango ni. Na kai jif wurin makanikin Baba, ya ce rufin garau yake, sai dai kariyar sama, wadda ake ɗora kaya a kanta, ta ci tsatsa, ya cire ta ya sa sabuwa mai kauri. Saura kawai in kai Baba ya gani a ɗora.

Sai dai akwai abin da ya hana ni sakewa, kuma na yi ta shawara da zuciyata ko in gaya miki ko in bari. Shekaranjiya bayan sallar asuba Mama ta fito tsakar gida, sai ta ga tsanin katakon nan jingine da ginin tankin ruwa, Baba yana tsakiyarsa. Wannan kaɗai ya isa tashin hankali. To Yaya, ɗankwalinta ne ɗaure a idonsa. Ta ce ta ƙi ko kiran sunansa don kada ya firgita ya faɗo. Tana tsaye ya hau har sama, ya taɓa tankin, ya sauko a hankali, ya sake hawa. Da ya kwance ɗankwalin ya gan ta, sai ya ce wai tanki yake dubawa ko yana yoyo. Ta ce, “Da ido a ɗaure?” Ya ce mata shayinsa ya yi sanyi.

Tun daga nan na sa masa ido. Na ga yana rufe ido yana shafa sakatar ƙofa, ya zare ya mayar, ya zare ya mayar. Jiya na same shi a cikin jif shi kaɗai, ido rufe, yana laluben madannai. Na yi masa magana ya ce in tafi shago, masu waya suna jirana. Yana cin abinci, yana raha, amma wannan abu ban gane kansa ba, kuma ina jin tsoro.

Ki faɗa mini abin da zan yi.
Naki, Auta

*

Auta,

Salam. Ina rubuta wannan a tsaye, direba yana jira.

Ka ɗauke tsanin nan daga gidan yau ɗin nan. Kada ka yi shawara da Baba, ka kai gidan maƙwabta ka ce su kulle. Ka dakatar da maganar tanti har sai na ce.

Ba na son in faɗi abin da ke raina, amma dole. Na ga mutanen da aka gaya wa irin labarin da aka gaya wa Baba. Wasu suna kuka, waɗannan ba su cika ba ni tsoro ba. Masu dariya da raha, waɗanda suke cewa ba komai, su ne wani lokaci suke daina damuwa da ko sun faɗo ko ba su faɗo ba. Wataƙila kuma kansa ne ya fara rikicewa. Ko wanne ne, mutumin da yake hawa sama da ido a ɗaure ba za a kai shi bakin tafki a ɗora shi a kan mota ba.

Kada ku bar shi shi kaɗai. Ku samo masa kujera mai daɗi a inuwa, ku kunna masa rediyo. Na nemi hutu, sun ce sai an samu mai canjina.

Allah ya tsare mana shi.
Yayarka

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Ki samu wuri ki zauna kafin ki karanta wannan, doguwa ce.

Na yi yadda kika ce. Na kai tsani gidan tela maƙwabcinmu, na sayo kujera mai laushi har da wurin ɗora ƙafa, na ajiye a ƙarƙashin bishiyar tsakar gida. Da asuba Baba ya fito ya tarar babu tsani. Bai yi faɗa ba, kuma wallahi da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya dubi kujerar, ya dube ni, ya koma ɗaki. Kujerar nan ko hularsa bai taɓa ɗorawa a kai ba. In na zo ɗiga masa magani sai ya ɗaga kai in ɗiga, ya ce Allah ya yi albarka, shi ke nan. Gidan ya yi tsit kamar an yi rasuwa.

Ranar Asabar na fito zan tafi shago sai na tarar da shi a cikin jif, ya sha wanka, ya sa hula. Ya ce, “Kai ni inda ake sayar da abin nan.” Na fara cewa Yaya ta ce, ya ce, “Gani kawai zan yi. Ko shi ma an hana?” Na ja mota.

Shagon wata babbar rumfa ce, an jera tantunan a kan ƙarafa daidai tsayin mota. Na wuce da shi kai tsaye wurin nawa, na karɓi rimot na danna, ya tashi, na zuge tagogi, na nuna masa gilashin taurari. Ina ta zuba kamar ni ne mai shagon. Baba ya ce, “Madalla, ya yi kyau. In batir ya mutu fa?” Mai shago ya ce akwai wani ɗan ƙarfe da ake sawa a juya. Baba ya ce, “In wannan 'yar abar ta faɗa cikin ciyawa, wa zai nemo mini?” Na ce ni mana. Ya ce, “To.”

Sai kawai ya sa hannu a aljihu ya zaro ɗankwalin Mama, ya ɗaure idonsa a gaban mutane. Mai shago ya dube ni, ni kuwa na rasa inda zan sa kaina. Baba ya ce in ba shi rimot. Ya shafa, ya ce madannan duk ɗaya suke a hannu. Ya laluba zif ɗin tagogin, ya ce sun yi yawa kuma kawunansu ƙanana ne. Ya matsa na gaba, ya shafa, ya wuce. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ina biye da shi da hannu a buɗe kamar mai jiran a jefo masa jariri.

Can a ƙarshen layi akwai wani da ban taɓa tsayawa a gabansa ba, don ba shi da wani kyau. Murfin alminiyom ne, siriri, mai buɗewa ta gefe ɗaya. Hannun Baba ya faɗa kan wasu manyan maƙalai biyu a bayansa, kowanne ya cika tafi. Ya ɓalle su, ya ɗan tura murfin, sai ya tashi da kansa, don akwai wasu ƙarafa biyu masu kama da shokozoba da suke ɗaga shi. Ya ce a ba shi tsanin. Ya laluba bakin tantin ya samu inda ake saƙala shi, ya saƙala, ya yi ƙas. Ya cire ya sake sawa don ya ji ƙarar. Ya taka matakin farko, ya ce, “Wannan yana da faɗi, kuma an yi masa zane, ƙafa ba za ta zame ba.” Yaya, kafin in buɗe baki ya hau. Ƙofa ɗaya ce, tsanin yana daidai bakinta. Ya shiga, ya miƙe a kan katifa, ya juyo da baya ya sauko, ya kamo igiyar da ke reto ya jawo murfin, ya mayar da maƙalan. Duk ido a ɗaure. Wani mai sayen kujerun zango har tafi ya yi masa.

Ni kuwa haushi ya kama ni. Na ce, “Haba Baba, wannan ai tagoginsa ƙanana ne, ba abin da za ka gani a ciki.” Ya kwance ɗankwalin, ya juyo da kansa sosai don in shiga cikin ɗan abin da ya rage masa na gani, ya ce, “Auta, kai da yayarka tantin bankwana kuke saya mini. Taga ta wata nawa ce a wurina? Ni wanda zan iya buɗewa baɗi da baɗin baɗaɗa nake nema.”

Na ce zan duba tayar mota, na zagaya bayan rumfa na yi kukana. Ashe duk hawan tsanin nan koyo yake yi. Mu muna shirya masa kallon ƙarshe, shi yana shirin yadda zai ci gaba da tafiya.

Ban saya ba. Ya ce ba za a ɗora komai a kan motar nan ba sai Uwarsa ta yarda. Ga takardarsa nan a ciki, shi ya rubuta da kansa da babban biron nan mai kauri, wato maka, ya hana ni taimaka masa.

Ƙanenki, Auta

*

Uwata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da aiki. Allah ya yi miki albarka, ya tsare ki a inda kike. Ki yi haƙuri da manyan baƙaƙe, yanzu in ban rubuta kamar allon talla ba, ba na gani.

An ce kin tsorata. Laifina ne da ban yi bayani ba. Na yi shiru ne don na san halinku, da na faɗa tun ban iya ba, da kun hana ni tun a matakin farko. Na so in iya tukuna, sannan in nuna. Hankalina ƙalau yake, kuma ina son raina fiye da yadda kike zato.

Ni ba duhu nake tsoro ba. Direba ya san duhu. Kujera nake tsoro. Kin tuna abokina mai tankar mai, wanda yake kawo muku alewa? Da idonsa ya tafi, 'ya'yansa sun yi masa komai. Suka saya masa kujera, suka ajiye shi a inuwa. In na je gaishe shi sai in ji ana tambayar matarsa, “Ya ci abinci?” alhali yana zaune a wurin da kunnensa biyu. Ciwon ido bai kashe shi ba, zama ne ya cinye shi. Yaran kirki ne, ƙauna ce ta sa su. Ku ma na san ƙauna ce.

Tafkin nan da nake ba ku labari, rabin abin da na sani a kansa ba da ido na san shi ba. Akwai iskar da take saukowa daga dutse gab da asuba, akwai tsuntsayen ruwa, akwai ƙanshin ciyawa in raɓa ta sauka. Waɗannan likita bai ce za su tafi ba. Zan je in gan shi yanzu da ɗan abin da ya rage, na gode Allah. Amma ina so in sake komawa bayan haka, in kafa ɗakina da hannuna, kada in zama kaya da ake saukewa.

Na gode da tsoron da kika ji saboda ni. Uban da ba a jin tsoron faɗuwarsa ai ya shiga uku. Na gode wa Auta, ya yi ta wahala, ko da yake shi duk abin da ba shi da batir bai ɗauke shi a bakin komai ba.

Abu biyu nake roƙo. Ki yarda a sayi tantin. Kuma ki sa a dawo mini da tsanina, tela ya fara shanya yadi a kai. Na yi alkawari ba zan ƙara hawa ba sai da mutum a ƙasa. In kin ce a'a, na haƙura, ba zan yi fushi ba. Amma kujerar a ba mamanku.

Mahaifinki

*

Zuwa ga Baba,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ina gaisuwa, Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Na rubuta da manyan baƙaƙe don ka karanta da kanka, kada Auta ya ƙara gishiri.

Na yarda. A sayi wanda ka zaɓa, a dawo da tsani.

Ni a wurin aiki waɗanda suka faɗo kaɗai ake kawo mini, waɗanda suka hau suka sauko lafiya ba sa zuwa asibiti, shi ya sa na manta akwai su. Na gode da ka jira amincewata, alhali da ka ga dama ko tambayata ba za ka yi ba. Wannan girmamawar ta fi ƙarfina, Baba.

Sharaɗina kaɗan ne, kuma na nas ne, ba na 'ya ba. Takalmi mai igiya, ban da silifa. Mutum a gindin tsani kullum. Magani a aljihun tantin, wuri ɗaya, inda hannunka zai same shi. Hutuna bai fito ba, wannan karon ku je da Auta. Ka kalli tafkin da kyau, har da rabona.

A gaishe da Mama, a ce ta ji daɗin kujera.

'Yarka mai ƙaunarka

*

Auta,

Salam daga bakin tafki. Na san da hannuna zan miƙa maka wannan takarda in mun dawo, amma shekara guda muna rubutu, na saba.

Hutuna ya fito, ni da Baba mun iso lafiya jiya da la'asar. Tun da idon ya rufe gaba ɗaya kunnensa ya ƙara kaifi, duk hanya yana ce mini, “Uwata, canza giya, ba kya jin tana kuka?” Ina kashe mota ya fita, ya bi jikinta da hannu, kafin in gama sauke tukunya ya ɓalle maƙalai, murfi ya tashi, tsani ya yi ƙas. Kun yi tafiya uku kana ba ni labari ina ɗauka ƙari kake yi. Na gode, Auta, da ka kai shi ya gani tun da sauran haske. Yau da safe shi yake nuna mini inda rana za ta ɓullo, kuma ta nan ta ɓullo.

Mama ta ce tafiya mai zuwa da ita za a yi, wai albasa ma ai tana shan iska.

Abu ɗaya kuma, in ka faɗa wa kowa ban yafe ba. Na hau lafiya, amma da na zo saukowa na leƙa ƙasa, ƙafafuna suka ƙi motsi. Na maƙale a sama kamar ranar katanga. Baba ne a gindin tsani. Ya ce, “Rufe idonki, Uwata, kallon ne yake ba ki tsoro.” Na rufe. Ya kama diddigena ya ɗora a kan mataki, ya kama ɗayan ya ɗora, har na taka ƙasa.

Sai mun iso.
Yayarka